Wai Python "na 'yan koyo ne"? Ku zo mu buɗe cikinsa mu gani

1/ Daren jiya ƙanina ya turo min hoton allo daga ajin koyon kod da ya biya kuɗi ya shiga. An raba allon gida biyu. Hagu: C, C++, Java, wai "yarukan da ake yi wa kwamfail, na ƙwararru". Dama: Python, JavaScript, PHP, Ruby, wai "na tafinta, na 'yan koyo". Raina ya ɓaci wallahi. Ku gyara zama. 🧵

2/ Yaron nan ya yi wata bakwai yana Python. Har ya haɗa 'yar manhaja da ke lissafa bashin da shagon Baba ke bin mutane. Malamin ya ce masa wasan yara yake yi. Ya watsar ya koma Java. Bayan wata biyu wani ya ce masa C++ ne na maza. Yanzu babu tsuntsu babu tarko.

3/ Ba zan kama sunan malamin ko wurin ba, don ba shi kaɗai ba ne. Jadawalin nan yana yawo a WhatsApp da TikTok, ana haddace shi kamar biyu sau biyu huɗu. Kuma kuskure ne. Kuskuren da ke sa yara zubar da abin da suka iya, su kashe kuɗi da data a kan abin da ba su buƙata.

4/ Mu fara da kalmomi biyu. Kwamfaila manhaja ce da ke ɗaukar kod ɗinka ta juya shi zuwa wani yare kafin a fara aiki da shi. Tafinta kuma manhaja ce da ke bin umarni ɗaya bayan ɗaya tana aiwatarwa nan take. Shi ke nan. Babu inda aka ce dole yare ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

5/ Gani ya kori ji. In kana da Python a kwamfuta, rubuta fayil biyu, ɗaya ya yi import na ɗayan, ka kunna. Duba folda. Za ka ga wata sabuwa mai suna __pycache__ da fayil mai ƙarewa da .pyc a ciki. Malam, in ba a yi wa Python kwamfail, wa ya haifi wannan fayil ɗin? Aljani?

6/ Ga gwaji na biyu, layi huɗu kacal:

import dis
def tara(a, b):
    return a + b
dis.dis(tara)

Za ka ga umarni irin su LOAD_FAST, BINARY_OP, RETURN_VALUE. Wannan shi ake kira baitkod. Kwamfailar Python ce ta fitar da shi tun kafin a aiwatar da layi ko ɗaya na kod ɗinka.

7/ To wa ke karanta baitkod? Furosesar wayarka ko kwamfutarka ba ta san shi ba. Akwai wata manhaja da ke kwaikwayon inji, tana da nata umarnin da nata wurin ajiya. Ita ce VM, inji ne da aka gina da kod maimakon ƙarfe. Ana juya yarenka zuwa yarenta, ita kuma ta gudanar.

8/ Yanzu ku dubi Java da aka ɗora a layin ƙwararru. Ka rubuta kod, javac ya juya shi zuwa baitkod a fayil .class, sai JVM ta gudanar. Kod, baitkod, VM. Python fa? Kod, baitkod, VM. Hanya ɗaya suka biyo. Bambancin da ido ke gani kawai: a Java kai ke kiran kwamfaila, a Python da kansa yake kiranta.

9/ Wani abin da allon ya ɓoye: yare daban, injin da ke gudanar da shi daban. Python ƙa'idoji ne. CPython, PyPy, Jython, MicroPython, duk injina ne da ke bin ƙa'idojin, kowanne da gudunsa. Ko C++ ɗin, a cibiyar CERN da ke Jeneba suna da Cling, ana buga shi layi-layi ana ganin amsa nan take.

10/ Na san me za ku ce a ƙasa: "Amma ai Python ya fi C da Java jinkiri." Gaskiya ne. Ba zan musa ba. Ka sa CPython ya tara lambobi miliyan ɗari ɗaya bayan ɗaya, za ka sha jira. Faɗana da malamin a kan dalili ne. Wanda ya ba ka dalilin ƙarya, maganin ƙarya zai ba ka.

11/ Ga ainihin dalilin. Koma kan tara(a, b). Ka ba shi 2 da 3, ya ba ka 5. Ka ba shi "Kano" da "Zariya", ya ba ka "KanoZariya". Ka ba shi jeri biyu, ya haɗe su. Alamar + ɗaya ce, aiki uku daban. Lokacin da kwamfaila ke duba layin, ba ta san wanne zai zo ba.

12/ A Java kai ka rubuta tun farko cewa a da b int ne. Kwamfaila ta ajiye umarni ɗaya, iadd, ta wuce. A Python kuwa, duk sanda aka iso layin sai VM ta tambaya: mene ne a? Mene ne b? Ina aikin + na wannan nau'in yake? Sau miliyan ka zo, sau miliyan a tambaya.

13/ Wannan shi ake nufi da yare mai sauyin nau'i: ba a tantance ko abu lamba ce ko rubutu sai ana cikin gudu. Shi ya sa rubuta shi ke da daɗi, shi ya sa kuma yake da tsada a wurin inji. Tambayar "mene ne wannan?" ita ce kuɗin da kake biya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

14/ Akwai ƙari. Gwada sys.getsizeof(1) a CPython na bit 64, za ka ga 28. Lamba ɗaya tak, bait 28, don tana ɗauke da shaidar nau'inta da ƙidayar masu riƙe da ita. A Java int bait 4 ne. Amma int na Java yana cika a 2,147,483,647 ya juye. Na Python ka ba shi 2**100, ba zai ko girgiza ba.

15/ Sannan a Python kusan komai yana iya sauyawa ana tsaka da aiki. Kana iya maye gurbin fankishan da wani, ka ƙara wa aji sabon aiki, ka haɗa kod a matsayin rubutu ka miƙa wa eval ya gudanar. Ta yaya kwamfaila za ta yanke hukunci yau a kan kod ɗin da sai gobe za a rubuta?

16/ To yaya ake samun gudu duk da haka? Ku tuna mai shayin unguwarku. Ranar farko zai tambaye ka: madara ko babu? Sukari nawa? Burodi na nawa? Ka yi sati kana zuwa, daga hango ka ya fara haɗawa. Kallo ɗaya yake yi ya tabbatar kai ne, sai ya miƙo. Tambayoyi uku sun koma kallo ɗaya.

17/ Ran da ka ce "yau ban da sukari", sai ya zubar da zato ya koma tambaya. Haka VM mai wayo take. Ta lura layin nan kullum lambobi ke zuwa, sai ta haɗa gajeriyar hanya ta lambobi, ta sa mai gadi a bakinta. In rubutu ya zo, mai gadi ya tare, a koma doguwar hanya.

18/ In wuri ya yi zafi, wato ana yawan bi ta kansa, sai VM ta juya shi zuwa yaren furosesa kai tsaye ana cikin gudu. Wannan ita ce fassarar nan-take, JIT. Tana ganin abin da kwamfailar gaba-da-aiki ba za ta taɓa gani ba: ainihin bayanan da ke shigowa.

19/ Dabarar tuna amsar jiya a wurin kira ba sabuwa ba ce. Peter Deutsch da Allan Schiffman sun bayyana ta a 1984 don yaren Smalltalk. Masu yaren Self, su David Ungar da Craig Chambers da Urs Hölzle, suka faɗaɗa ta a 1991. Smalltalk da Self duka yaruka ne masu sauyin nau'i, irin na layin "'yan koyo".

20/ Ga inda abin ya yi daɗi. Wasu daga cikin mutanen nan, har da Hölzle da Lars Bak ɗan ƙasar Danmak, sun yi aiki a wani ƙaramin kamfani da Sun Microsystems ya saya a 1997. Daga aikinsu HotSpot ta fito a 1999, injin da ya ba Java gudun da ake tinƙaho da shi. Gudun Java gadon yarukan da malam ya raina ne.

21/ Lars Bak ɗin dai shi ya jagoranci V8, injin JavaScript da ya fito tare da Chrome a 2008. Ku ji da kyau: V8 na farko ba shi da tafinta sam. Kai tsaye yake juya JavaScript zuwa yaren furosesa. Yaren da allo ya ce "na tafinta" ya yi shekaru a Chrome babu tafinta ko ɗaya.

22/ Sai a 2016 suka ƙara tafinta mai suna Ignition. Don me? Yaren furosesa yana cin wuri, baitkod kuwa ƙarami ne. Suka fara kunna shi a wayoyin Android masu RAM na 512MB ko ƙasa da haka, irin waɗanda da yawanmu muka fara hawa intanet da su. A 2017 ya zama na kowa.

23/ Ka ga ke nan injiniyoyin Google da gangan suka ƙara tafinta don abu ya gyaru. Yau V8 hawa huɗu ne: Ignition, Sparkplug, Maglev, TurboFan. Kod yana farawa a tafinta, in ya yi zafi ya hau sama. To malam, a wane gefen allo za ka rubuta wannan?

24/ Yanzu na juyo kanku 'yan Python, kar ku fara tafi. Kuna da taku tatsuniyar: "Ai da za a juya Python zuwa baitkod na Java, ko zuwa C, da shi ke nan ya kama gudu." An gwada. Manyan mutane da manyan kamfanoni sun gwada. Bari in ba ku labarin yadda aka kwashe.

25/ A 1997 Jim Hugunin ya fara JPython, wanda ya koma Jython: Python a kan JVM. Ya yi aiki, kana iya kiran laburaren Java daga Python. Amma umarnin kira na JVM a lokacin yana son sanin nau'i tun farko. Dole Jython ya gina nasa tambayoyin a saman JVM. Tambayar "mene ne wannan?" ta biyo shi sabon gida.

26/ Ga wata matsala. Ƙarfin Python yana cikin laburarensa, da yawansu kuma da C aka rubuta su, an ɗinke su da cikin CPython. NumPy ba ya gudu a Jython. Abin dariya, Hugunin ɗin shi ya fara Numeric, kakan NumPy. Jython ya tsaya a Python 2.7, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020.

27/ Hugunin ya ba da labarin cewa ya zauna ne don ya rubuta dalilin da ya sa injin .NET na Microsoft bai dace da irin waɗannan yaruka ba. Da ya gwada ya auna, sai ya ga akasin haka. Daga nan IronPython ya fito, sigar 1.0 a 2006. Mutum ya auna ya sauya ra'ayi. Malamanmu, ku ɗauki darasi.

28/ Masu JVM da kansu suka yarda akwai giɓi. A Java 7, shekarar 2011, suka ƙara sabon umarni, invokedynamic, musamman don yaruka irin su JRuby. Ma'anarsa: kar a ɗaure wannan kiran yanzu, a bari sai an iso wurin, yaren ya faɗi inda za a je, JVM ta tuna ta kuma gyara hanyar.

29/ Me ya faru bayan nan? Java 8 ya fito a 2014 da lambda, aka gina ta a kan invokedynamic. Java 9 ma da shi yake haɗa rubutu da rubutu. Ƙofar da aka buɗe wa baƙi, masu gida suka fi kowa bi ta cikinta. Duk mai rubuta Java na zamani yana cin arzikin "'yan koyo" bai sani ba.

30/ Facebook fa? Da PHP aka gina shi. A 2010 suka fito da HipHop, mai juya PHP zuwa C++ sannan a yi masa kwamfail. Daidai abin da allon malam ke kira ƙwarewa. Ya rage musu nauyin saba, amma ba ya ɗaukar eval, kuma fayil ɗin da yake fitarwa ya haura gigabait ɗaya.

31/ A 2013 suka ajiye shi suka koma HHVM: baitkod, VM, JIT. Kamfanin da ke da kuɗin sayen duk hanyar da yake so ya bar kwamfail-zuwa-C++ ya dawo kan VM. Domin juya PHP zuwa C++ bai kashe tambayar nau'i ba, ya dai rubuta ta da C++ ne. Mai shayin da ya sauya riga amma bai san kwastoma ba.

32/ Akwai Parrot, mafarkin VM ɗaya da za ta ɗauki Perl 6 da Python da Ruby da sauransu. Sunan ma daga wasan 1 ga Afrilu na 2001 ya samo asali, da aka ce wai Larry Wall da Guido van Rossum za su haɗe yarukansu. Sigar 1.0 ta fito a 2009. Ƙarshe Perl 6, wato Raku, ya koma MoarVM.

33/ Injiniyoyin Google sun fara Unladen Swallow a 2009 da burin ninka gudun CPython sau biyar ta hanyar LLVM. Ba a kai ba, aikin ya tsaya. Dropbox ya fara Pyston a 2014, ya janye hannu a 2017. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne. Aikin ne ke da wuya, ba a gama shi da jadawali mai gida biyu.

34/ Me ya yi aiki? Haƙurin mai shayi. PHP 7 a 2015 ya kai kusan ninki biyu na gudun PHP 5.6 ba tare da JIT ba, gyaran yadda ake ajiye bayanai a ciki kawai aka yi. JIT sai a PHP 8, 2020. Ruby ya samu VM ta YARV a 2007, sannan YJIT daga Shopify a 2021.

35/ Python 3.11 na Oktoba 2022 ya fi 3.10 gudu da kusan kashi 25 cikin 100 a matsakaici. Kod ɗinka bai sauya ba, ko waƙafi. Tafintan ne ya koyi gane kwastoma, dabarar da Mark Shannon ya tsara a PEP 659. A 3.13, shekarar 2024, aka shigo da JIT na gwaji.

36/ Kana iya kama shi yana yi. A 3.11 ko sama, kira tara(2, 3) sau dubu, sannan ka buga dis.dis(tara, adaptive=True). BINARY_OP ɗin ɗazu ya koma BINARY_OP_ADD_INT. Injin ya lura lambobi kake kawowa, ya sake rubuta umarninsa da kansa. Wannan ne wasan yaran, malam?

37/ To kai mai koyo, me za ka yi da duk wannan? Na farko, yawancin manhajar da za ka gina jira take yi: jiran rumbun bayanai, jiran netwok. Da irin netwok ɗinmu, ba Python ne ke riƙe ka ba. Instagram da Django ya tashi, kuma Django Python ne. Shagon Baba bai fi Instagram kwastoma ba.

38/ Na biyu, in abu ya yi jinkiri, auna kafin ka yi zargi. Python yana da cProfile a cikinsa, zai nuna maka fankishan da ke cinye lokaci. Sau da yawa wuri ɗaya ne. Ka ba NumPy lissafin, ko ka gwada PyPy, ko ka rubuta wannan gutsuren kaɗai da C. Ba a rushe gida don ƙofa ɗaya ta maƙale.

39/ Na uku, adalci: akwai aikin da C ko C++ ko Rust suka fi dacewa da shi. Zuciyar tsarin kwamfuta, direban na'ura, injin manyan wasanni, guntun lantarki mai ƙaramin wuri. CPython kansa da C aka rubuta shi. Ka koye su in aikinka ya kai ka can. Kar ka koye su don wani ya kunyata ka a aji.

40/ Malamai za su ce: "Sauƙaƙawa muke yi don yara su gane." Haba. Sauƙaƙawa ita ce ka faɗi gaskiya a taƙaice, yaro ya girma ya ƙara a kai. Abin da sai ya goge daga kansa kafin ya ci gaba, wannan ɓatarwa ce. Balle an liƙa masa "na ƙwararru" da "na 'yan koyo" don a sayar da kwas na gaba.

41/ Ga tambayoyi uku da suka fi allon nan amfani, kuma minti biyar sun isa a koyar da su. Yaushe ake sanin nau'in abu, kafin gudu ko ana cikin gudu? Zuwa me ake juya kod ɗin, baitkod ko yaren furosesa? Wa ke gudanar da shi, kuma yana koyo daga abin da yake gani?

42/ Da waɗannan ukun za ka iya bayanin Java, Python, JavaScript da Lua ba tare da ka zagi kowa ba. Kuma ran da aka tambaye ka a intabiyu me ya sa kod ɗinka ke jinkiri, ba za ka ce "ai na tafinta ne" ka tsaya kana zare ido ba.

43/ Ƙanina kuwa, na sa shi ya buɗe tsohuwar foldar manhajar bashin. __pycache__ tana nan zaune tun wata bakwai, bai taɓa tambayar mece ce ba. Ya buga dis, ya yi shiru, ya ce "Yaya, ashe dama ana yi masa?" Na ce ƙarasa aikinka, Baba na jiran lissafinsa.

44/ Ku kuma da ke cikin irin wannan aji, gobe ku ɗaga hannu cikin ladabi ku ce: "Malam, mene ne aikin fayil .pyc?" In ya amsa daidai, ku riƙe shi, malami ne. In ya ce ba ya cikin manhajar karatu, ku turo min amsar a ƙasa. Wanda ya gwada adaptive=True ma ya ajiye hoton abin da ya gani, mu duba tare.